Kada a Kashe Wayar Tsuntsuwa

Wata daga cikinku ta rubuto min a ƙarƙashin abin da na saka wancan makon, ta ce, "Baiwar Allah, shekara uku fa. Ki saki mamaci ya huta, ke ma ki huta." Ban ji haushinki ba, 'yar uwa. Umma ma kullum karatun da take min ke nan, ita kuma ba rubutowa take ba, a tsakiyar kaina take tsayawa ta faɗa. Amma kafin ku haɗu ku yanke min hukunci, ku gyara zama in ba ku labarin wayar 'yata, da abin da ya same mu ranar Talata.

'Yata shekararta biyar. Tsuntsuwa muke ce mata. Babanta ne ya laƙaba mata, wai tun tana jaririya bakinta a buɗe yake yana kallon sama kamar ɗan tsuntsu a sheƙa. Kunnenta ras, ko allurata ce ta faɗi sai ta waiwayo, kuma tana gane duk abin da aka faɗa, har wanda ba a so ta gane. Magana ce dai ba ta zo ba. Likita ya ce wasu yaran harshensu a hankali yake kwancewa, wasu kuma sai haƙuri. Ni a ranar kuka na yi tun daga asibiti har gida. Muna shiga ɗaki babanta ya jawo durowa, ya ɗauko wata baƙar waya mai tsagaggen gefe, ya zauna a bakin gado.

Mai gyaran waya ne. Injiniya ake ce masa a layin masu gyara, da farko don tsokana, daga baya sunan ya zauna masa daram. Kwana huɗu ya yi a kan wayar nan, ya ce rutin yake mata.

"Mene ne kuma rutin?"

"Shugaba," haka yake kirana, ko a gaban mutane, "waya kamar gidan haya ce. Kina ciki, amma mai gida ya riƙe makullan wasu ɗakuna. Rutin shi ne ki karɓe makullan gaba ɗaya."

"Wato fashi."

"Wato 'yanci. Miƙo min shayina."

Da ya gama, fuskar wayar ta koma 'yan akwatuna, kowanne da hoto: kofi, gado, takalmi, ƙofa, fuskata. In aka taɓa hoto sai wayar ta yi magana, da muryarsa. Bai ajiye abin a inda ake ajiye hotuna ba, inda yatsan yarinya zai iya gogewa. Can cikin ƙashin wayar ya dasa shi, a ɗakin da kamfani ke ajiye nasa kayan, yadda da an kunna shi ne zai fara buɗewa.

Ranar da Tsuntsuwa ta fara danna kofi, wayar ta ce "Ruwa," na kawo mata a guje har rabi ya zube a hanya. Ta kalli kofin, ta kalli wayar, ta kalle mu. Sau goma sha ɗaya ta sha ruwa a yinin nan. Washegari ni na sha wankin zanin gado, ina yi ina dariya.

Kalma sittin da uku ya ɗauka. "Mama" sau tara ya sake, don ina tsaye ina masa gwalo, wadda ta zauna ɗin ma akwai wutsiyar dariya a ƙarshenta. A cikin "barci", in kin kasa kunne, za ki ji kekena na ɗinki yana ta gudu a baya. "Ciwo" da "gida" su ne na ƙarshe, lokacin jinya ta riga ta ci ƙarfinsa, muryar ta sirance kamar zare. A can ƙasa ya bar akwatuna bakwai, ba hoto, ba murya. Ban taɓa su ba, ita ma ba ta taɓa su ba.

Doka ɗaya ya bar min. Ba data, ba waifai. "In kuma kin ga ta ce ofdet, Shugaba, ki gudu. Ofdet mai gida ne ya dawo da tsintsiya. Duk abin da ba shi ya ajiye ba, waje zai yi da shi." Ya ce ya sa manhajar da ke kawo ofdet ɗin barci. Shekara uku kuwa ko tari ba ta yi ba.

To kun ji. Bakin 'yata ne nake gadi. Sai dai ba zan yi muku ƙarya ba, in ta yi barcin rana nakan ɗauki wayar in danna hoton fuskata, in saurari wutsiyar dariyar nan, in mayar, in koma kan keke.

Bayan rasuwarsa, gidan Umma muka dawo. Ranar Litinin tana tsince shinkafa a faranti ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ke ba ki san abin da nake ji ba. Ina zaune a ɗakina, sai in ji surukina yana neman ruwa. Yaron da aka fita da shi a kan idona. Gabana faɗuwa yake, wallahi. Ga Likita nan, wata bakwai yana sintiri, takalminsa ya san kowane dutse a layin nan, ke kuma kin kafe kamar ƙusa."

"Umma, ba likita ba ne. Kantin magani gare shi."

"Farar riga ce a jikinsa ko ba ita ba?"

Mai Magani ke nan, ga waɗanda ba su san shi ba. Kantinsa yana kwanar layinmu. Farar riga a goge har ƙarin guga yana iya yanka hannu, biro uku a aljihu, takalmi yana ɗaukar ido. Saƙonsa sau uku yake zuwa a rana: bakwai na safe, ɗaya na rana, shida na yamma. Yayata ta ce, "Ki tambaye shi, kafin cin abinci ake karantawa ko bayan an ci?" Mutum ne da ba ya iya ganin abin da kwanansa ya wuce. Duk farkon wata sai ya sauke kantinsa kaf, ya bi kwalba ɗaya-ɗaya yana duba kwanan wata.

Abin da ya sa ban kore shi ba, tsuguno yake yi in zai yi wa Tsuntsuwa magana, ya tambaye ta, sannan ya jira. Mutane ba sa jira. Shi sai ta gama lalubo hotonta. Ba ta da kalmar da za ta kira shi, don haka in ta hango shi sai ta danna biyu a jere: "Magani. Takalmi." Ranar farko har ƙwalla ya yi don dariya. A ranar ne kuma na yi kuskurena. Alfahari ya ɗebe ni, na nuna masa yadda ake riƙe maɓalli biyu na gefe a fita daga akwatunan a shiga cikin wayar. Na nuna masa ƙofa, ban faɗa masa doka ba.

Ranar Talata kayan 'yan makaranta ne jibge a gabana, ana jira. Tsuntsuwa tana ɗan tari, Umma ta ce za ta kai ta kanti a ba ta magani. Na sa mata rigarta ruwan ƙwai mai aljihu a gaba, wadda na ɗinka daidai faɗin wayar, suka fita.

Wajen ƙarfe uku ta shigo a guje. Ba ta danna komai ba, wayar kawai ta tura min a cinya. Wani farin rubutu ya gitta saman hotunan ya rufe kofi da gado. Kafin in gama karantawa, tawa wayar ta yi ƙara. Saƙon Mai Magani ne, ba a kan lokacinsa ba:

"Barka da aiki. Umma ta ce wayar Tsuntsuwa tana nauyi, na ɗan duba mata. Na mayar da saitin manhajoji yadda kamfani ya tsara, na haɗa ta da waifai na kanti. Ashe shekara uku ba a sabunta ta ba! Ta gama saukewa. Ki kashe ki kunna kawai, za ta dawo sabuwa."

Har da hoton fure a ƙarshe.

Jama'a, na koma kan wayarta da sauri. Farin rubutun ma abin da yake cewa ke nan: an sauke sabon tsari, za a girka da zarar wayar ta mutu ta tashi. Na kalli batir, ashirin da uku. Na danna alamar jirgin sama don in yanke ta daga duniya, na ruga na jona caja. Ramin cajin dama ya daɗe da sakin jiki, sai na naɗe da roba na karkata shi yake kamawa. Na karkata hagu, na karkata dama, na hura, na canza waya. Ko gezau.

"Umma! Me ya sa kika ba shi?"

"Gyara na ce a yi, ba ɓarna ba." Ta tsaya a bakin ƙofa da ledar magani a hannu. Da ta ga fuskata sai muryarta ta sauka. "Mene ne? Me zai faru?"

"In ta mutu, ya tafi. Dukansa."

Ba ta tambayi wa ba. Ta zauna a hannun kujera, ledar tana cinyarta.

Na kira Mai Magani. Abin da na faɗa masa ba zan rubuta a nan ba, akwai yara masu karatu. Bai katse ni ba. Da na tsaya jan numfashi ya ce, "Ina za a kai ta?"

Wuri ɗaya ne, kuma shekara uku ina zagaye shi. Ko zare zan saya, ta bayan kasuwa nake bi don kada in ga layin masu gyara.

Minti biyar ba a yi ba motarsa ta tsaya a ƙofa. Na zura doguwar rigata ruwan toka a kan kayan aiki, tef ɗin awo yana rataye a wuyana ban ma sani ba. A mota Tsuntsuwa ta miƙo hannu tana son wayarta. Kowace dannawa batir take ci. Na rage hasken, na ce, "Yi haƙuri, uwata, aro nake." Ta fizga, ta sami akwatin da take nema, muryar babanta ta cika motar: "A'a. A'a. A'a." Da hannuna na ɓamɓare yatsunta. Ni da nake gadin bakinta, ni na ƙwace shi. Ba ta yi kuka ba, ta juya ta manna goshi a gilashi. Mai Magani ya zaro biro ɗaya da 'yar takarda ya miƙo baya ba tare da ya waiwayo ba. Ba ta karɓa ba.

Layin yana nan yadda na bar shi. Warin dalma da ƙonanniyar roba, fuskokin wayoyi a rataye kamar shanya, kowace rumfa da waƙarta. Rumfa ta shida, teburin nan mai ƙonannen gefe inda na fara kawo wayata gyara ina budurwa, Injiniya ya riƙe min ita kwana uku a kan aikin minti goma, don kawai in yi ta dawowa.

Baba Dalma, wanda ya koya wa Injiniya aiki, ya ɗago da gilashinsa mai kauri a goshi.

"Kai! Matar Injiniya? Yau da wace ƙafa na tashi?" Ya leƙa bayana. "Wannan kuma fa? Asibitin ne ya biyo ku har nan?"

"Ni ne na yi ɓarnar, Baba," in ji Mai Magani.

"To madalla, ka rage mana bincike."

Na yi masa bayani a tsaitsaye. Ya sa ramin cajin a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya taɓa da tsinken ƙarfe, ya girgiza kai.

"Ramin nan ya riga mu gidan gaskiya. Sai an canza."

"A canza mana, Baba. Ko a kwashe muryoyin a kwamfuta."

"Ta ina za a kwashe, ba ta ramin ba? Ramin kuma ba ya canzuwa sai na cire batir. In na cire batir ta mutu. In ta tashi, ke kika ce min me zai faru." Ya share hannu a tsumma. "'Yata, ni dalma na sani. Ni hannu ne, mijinki ne kai. Cikin waya ban taɓa shiga ba."

Batir sha huɗu.

Sai ya sunkuya yana nishi, ya jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin tebur. "Sau nawa na aika ki zo ki ɗauki kayan nan? Mijin nan naki ko fitila ya canza sai ya rubuta." A ciki akwai 'yan sukudirebobinsa, da kofin shayinsa mai karyayyen hannu, da littafi mai baƙin bango. Na buɗe. Rubutunsa ne, mai kwanciya gefe kamar ana tura shi. Wajen tsakiya, da manyan baƙi: WAYAR TSUNTSUWA, IN TA CE OFDET.

Layin farko kawai na gani idona ya rufe da ruwa. Ga hannuna yana kan waya. Na tura littafin gefe, ban ma duba wa na tura wa ba.

"Karanta min."

Mai Magani ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya kamar zai karanta takardar likita.

"Shugaba." Ya ɗan tsaya. "In kina karanta wannan, to wani ya taɓa abin da na ce kada a taɓa. In ke ce, na yafe. In wani ne, kada ki cinye shi ɗanye, bai sani ba."

Baba Dalma ya tuntsire da dariya. "Ka ji, an yi maka ceto tun kafin a san ka."

"Na ɗaya, alamar jirgi. Na biyu, kada ki kashe ta, ko wa ya ce. Na uku, shiga saiti, je can ƙasa inda aka rubuta bayanin waya, ki sami lambar ƙira ki ƙwanƙwasa sau bakwai, kamar yadda kike min in na kulle banɗaki."

Na ƙwanƙwasa. Wani ɓoyayyen shafi ya buɗe. Littafin ya ce in nemi maɓallin sabuntawa ta kai tsaye in kashe. Na same shi, na kashe.

"Wannan roƙo ne kawai, mai gida yana iya yin kunnen ƙashi. Saura aikin gaske. Buɗe manhajar nan mai hoton shuɗin fayil. Za ta tambaye ki ko ke ce mai makulli. Ki ce e." Ya sake kallon layin. "Ke ce."

Na ce e. Batir tara. Ya karanto min hanya ɗaki bayan ɗaki, harafi bayan harafi, har na isa inda wayar ke ajiye abin da ta sauko da shi. Littafin ya ce zan ga babban ƙunshi guda ɗaya, in goge shi, shi kaɗai.

Biyu na gani. Sunansu kusan ɗaya, jerin lambobi da haruffa marasa kan gado.

"Biyu ne! Baba, biyu ne!"

"Ni kike tambaya?"

Batir shida. Na ce a raina na sama ne, ai sabo a sama yake zama. Na ɗora yatsa.

"Tsaya!" Mai Magani bai taɓa ɗaga min murya ba sai ranar. Ya sunkuyo, ya sa bayan biro a ƙarƙashin wani ɗan mitsitsin rubutu da ban ma lura da shi ba. "Kwanan wata. Na saman nan shekararsa uku, shi ya ajiye abinsa. Na ƙasan ne na yau, biyu da kwata. Lokacin suna kantina."

Na kalli ɗan rubutun, na kalle shi. Na goge na ƙasa.

Saura ɗaya. Manhaja mai hoton ƙanƙara, in nemo mai kawo ofdet a cikin jerin, in daskarar da ita. "Ba kashe ta za ki yi ba, barci za ki mayar da ita. In ma akwai 'yar uwarta mai irin sunan, ita ma ki kwantar." Na sami biyun, na danna, suka koma fari-fari kamar an lulluɓe su. Farin rubutun da ya rufe kofi da gado ya ɓace. Ina buɗe baki in ce alhamdu lillahi, fuskar wayar ta yi baƙi.

Baba Dalma ya miƙo hannu. "To, ta mutu da kanta. Yanzu nawa aikin ya zo."

Ya ɓalle bayanta, ya sauke gilashi, hayaƙin dalma ya tashi siriri. Tsuntsuwa ta matso ta kama gefen tebur da hannu biyu, haɓarta a kai, tana kallon cikin wayarta a buɗe. Ni na zauna a benci na rungume kofin nan mai karyayyen hannu. Ko mun yi daidai ko ba mu yi ba, sai an kunna za a sani.

"Akwai saura a shafin baya," Mai Magani ya ce a hankali. "In karanta?"

Na gyaɗa kai.

"Ƙara kalma. Danna akwati mara hoto ki riƙe har jan ɗigo ya haska, sai a yi magana. Daƙiƙa goma gare shi, abin da ya ji shi zai riƙe. Shugaba, kada ki bar su fanko saboda ni. Yarinyar nan za ta ga abubuwan da ban gani ba. Ba dole sai muryata ba."

Ya rufe littafin, ya ajiye a kusa da ni, ya koma can bakin rumfa ya juya mana baya. Tsuntsuwa ba ta ɗauke ido daga tebur ba, amma na san kunnen nan.

Baba ya mayar da murfi, ya jona caja. Alamar batir ta fito. Muka ba ta minti biyar da suka fi shekara tsawo, sannan ya turo min ita. "Ke za ki kunna. Ni hannuna ya yi nasa."

Na danna. Tambarin kamfani ya fito, ya tsaya. Ya daɗe. Ya ƙara daɗewa. Na tuna Injiniya ya taɓa ce min wayar da aka yi wa rutin in ofdet ya kama ta, wani lokaci a nan take maƙalewa har abada. Na ji Mai Magani yana salati ƙasa-ƙasa daga bakin rumfa.

Sai ga kofi. Ga gado, ga takalmi, ga ƙofa.

Tsuntsuwa ta warce wayar, ta nemo fuskata, ta danna.

"Mama," in ji shi, da wutsiyar dariyarsa.

Baba Dalma ya cire gilashi ya ce hayaƙi ne ya shigar masa ido. Ya karɓi wayar ya jona a kwamfuta, littafin ya nuna inda muryoyin suke, muka kwashe su kaf a wuri uku. "Ɗaya gidanki, ɗaya gidan yayarki, ɗaya a nan. Kuma ki ɗauki akwatin mijinki, ƙafata ta gaji da tuntuɓe da shi."

Na kira Umma. Ƙara ɗaya ta ɗauka. Na ce an samu. Ta ce, "Sa min in ji." Na ce wa Tsuntsuwa ta danna wani abu. Ta danna kofi. Na ji Umma ta ja hanci. "To ku dawo, ga ruwan nan na ajiye mata."

Da muka iso ƙofar gida rana ta yi sanyi. Mai Magani ya sauke akwatin ƙarfen, ya ajiye a bakin ƙofa, ya tsaya nesa kaɗan. Farar rigar ta sha baƙin tebur a gwiwar hannu, bai ma gani ba.

"Maman Tsuntsuwa, na saba duk abin da ya tsufa cire shi ake yi. Ban tambaya ba, na sa hannu. Ba zan ƙara turo saƙo ba sai in ke kika ce." Ya tsuguna a gaban 'yata. "Ke ma ki yafe min. Na kusa yi miki babbar ɓarna."

Ya jira, yadda ya saba.

Ta danna. "Magani. Takalmi." Ta ɓata fuska, kamar kalmomin sun yi mata kaɗan. Sai na ga ɗan yatsanta yana jan hotunan sama, ta wuce "ciwo", ta wuce "gida", ta sauka can ƙasa inda ba ta taɓa zuwa ba. Ta ɗora yatsa a kan akwatin farko mara hoto, ta riƙe.

Jan ɗigo ya haska.

Ta ɗaga wayar da hannu biyu, ta kai ta daidai bakinsa.

Ko numfashi ba na jin yana yi. Ya ɗago ido ya kalle ni, yana tsugune a ƙasa, yana jiran izini. Umma ta fito da kofin ruwa ta tsaya cak a bakin ƙofa. Ni kuma sai a lokacin na gane cewa wayar ba ta san muryar wa take jira ba. Ko e na ce, ko a'a, ko sunansa na kira, abin da ya fara fita daga bakin ɗayanmu shi zai zauna a akwatin nan, a ƙarƙashin muryar Injiniya, shi 'yata za ta riƙa dannawa duk ranar da ta hango mutumin nan.

Jan ɗigon yana ƙiftawa. Na ƙirga huɗu, na ƙirga biyar. Tsuntsuwa ta waiwayo ta kalle ni, wayar ta fara yi mata nauyi, amma ba ta sauke ba.

Na buɗe baki.